Gidaje Tara a Bayan Ɗakin Nagode

Tabarma, buta, kwanon sha, zane biyu, ƙwayoyin asibiti da ba a buɗe ba. Abin da ke cikin akori-kurar ke nan, sai Inna Nagode a kwance, kanta bisa cinyar 'yarta Taiba. Likita a Talata Mafara ya ce a mai da ita gida. Maƙwabcinsu Zubairu yana zaune a gefe, yana kallon magudanan siminti da aka ratsa gonaki da su.

"Zubairu," in ji tsohuwar, ido a rufe, "an ba su ruwa?"

"Na ba su da safe, Inna."

"Ƙarya kakai. Da sahe kana asibiti."

Furanninta take nufi. Shi ya zo da irin daga Indiya, inda ya shekara huɗu yana karatun noman rani: marigol, rawaya, mai warin magani. Ya ba ta ne don ya kore mata ƙwari daga tumatir. Ita kuwa sai ta shuka shi kashi tara a bayan ɗaki, yadda gidaje tara na ƙauyensu suke a zaune kafin ruwan madatsar Bakolori ya hau kansu, mutanen su watse Maradun da Bakura da Damri. Kowane kashi da sunan maigidansa. Ta bar hanya a tsakani, ta aza dutse inda rijiya take. In kan fure ya bushe ta tsinke, ta ƙulle irin kowane gida daban.

Da suka iso ta ƙi ɗaki, ta ce a shimfiɗa mata inda za ta gan su. Duk suna tsaye, ban da kashi ɗaya, na gidan Bappa, da ya kwanta baƙi ƙirin.

"Bappa ya tahi," ta ce.

"Ƙishi ne, Inna," in ji Zubairu. "Ko tsutsa a saiwa."

"Sauran ba su jin ƙishi?"

Ya tona gindin da yatsa. Babu tsutsa. Ya share hannu a wando, ya tambaye ta ina nata kashin. Ta nuna wani fili kusa da dutsen.

"Na tuge shi ran da munka tai asibiti. Na rage maka aiki."

"Asabar zan tafi Sakkwato. An kira ni aiki, na gaya miki."

"Ka gaya man," ta ce. "Ga gindi aka zuba ruwan, ba bisa ganye ba."

Kafin la'asar ta cika.

Washegari ana zaman makoki sai ga wani dattijo a kan keke daga Damri, Malam Balarabe, mutumin ƙauyensu. Ya zo ne ya shaida wa Nagode an rufe Bappa ranar Laraba, sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Bayan doguwar ta'aziyya ya roƙi a nuna masa furannin da ya ji ana faɗi. Zubairu ya shiga da shi.

Dattijon bai nemi jagora ba. Ya cire takalmi, ya bi siririyar hanyar a hankali kamar mai gudun tada barci.

"Ga rijiya. Ga gidan Bappa." Ya tsaya. "Wanga nawa na."

Ganyen ya fara sunkuyawa, rana ta buge shi.

Ya dubi Zubairu. "Malam, wa ka ba su ruwa yanzu?"

Taiba ce ta amsa daga bayan zana. "A tuge su duka, Baba. Wallahi tsoro nike ji."

"A'a, ɗiyata," in ji dattijon, bai yi dariya ba. "Bari in kai gida tukuna."

Zubairu ya san furen sarai. Wata huɗu yake yi ya bushe, ko an ba shi ruwa ko ba a ba shi ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga dattijon ya kama ganyen, yana ɗaga shi, yana saki, yana sake ɗagawa.

Ya je ya ɗebo ruwa a randa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gida bakwai, ƙasa tana shanyewa da ɗan sauti. Dattijon bai sa takalminsa ba sai da ya ga nasa ya jiƙe.

Da suka fito Zubairu ya ja ƙyauren kara, ya ɗaure igiyar sau biyu saboda awaki.

"Taiba, kada kowa ya taɓa su," ya ce. "Ba zan tafi ba sai sun yi iri."