Tabawa a Cikin Bidiyon Zuciya

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Ga ni a ajin 'yan matan da nake koya wa ilimin halittu a Azare, sai dai ajin yana saman wata tsamiya, kujeru a rataye jikin rassa. Ba wanda ya ga abin mamaki. Na jingina wayata da allo don in nuna musu bidiyon yadda zuciya take harba jini, wanda na samo a intanet. Wayar ta yi ta girma har ta kai ƙofar zaure.

Bidiyon ya ƙi tashi. Da'irar nan ta jira ta yi ta juyawa, can ta gaji, ta sauko ta zauna a kujerar gaba ta nemi ruwa. Aka ba ta.

Shugaban makaranta ya leƙo. Balbela ne, da tabarau da jar hula.

"Malam Sallau, ai sabis yana rijiya," in ji shi. "A jawo shi da guga."

Muka jawo guga uku. Ya ɗan yi sanyi, amma ya yi aiki.

Wata mata mai farar riga ta bayyana, riƙe da zuciya kamar ƙwaryar fura. Ta fara bayani ke nan wani mutum ya faɗo ta cikin ganye yana tallar sabulu, ya ce ba a korarsa sai bayan daƙiƙa biyar. Muka ƙirga tare, muka kore shi.

Da na waiwaya, kujerar ƙarshe ba kowa. Ta Tabawa ce, yarinyar da zango guda ban taɓa jin muryarta ba. Sai ga ta a cikin bidiyon, tana yawo a cikin zuciyar. Ɗakuna huɗu ne masu jan labule, ƙofofi suna buɗewa suna rufewa da kansu. Alamar batir ta koma ja. Na san in wayar ta mutu, can za ta zauna har abada.

"Tabawa, fito!"

"Sai an amsa mini, Malam."

Ashe muryarta siririya ce, mai daɗi. Ta juya wajen mai farar riga.

"Zuciyar kakata ta tsaya ranar Laraba. To ina jinin ya tafi?"

Matar ta yi murmushi. "Kada ku manta ku danna ƙararrawa, ku biyo mu."

Tabawa ta sake tambaya. Matar ta sake murmushi, ta maimaita. Na mayar da bidiyon baya, na tura shi gaba, amsar ba ta ko'ina.

Sai na tuɓe takalmana na shiga. Ƙasan da ɗumi, yana motsi a hankali kamar bayan saniya mai barci. Na zauna kusa da ita a ɗaki na uku. Duk abin da na karanta a kwaleji ya tashi ya bar ni, ina ganinsa yana fita ta taga, shafi bayan shafi.

"Ban sani ba," na ce. "Amma faɗa mini sunan kakar taki."

Ta dube ni. Ta buɗe baki, ƙofofin suka ƙara ƙarfin bugawa, dim, dim, dim, har suka rufe muryarta.

Na buɗe ido. Matar maƙwabcina ce take dakan gero a bayan katanga. Na kwanta ina saurare har ta gama. Yau da ƙarfe tara nake da ajinsu.