Batirin Ajin Lantarki

Wutar da aka tara daga hasken rana, ta wa ce? Ta wanda ya tara, ko ta wanda buƙata ta fi matsa wa?

Malamin lantarki batiri ɗaya tak yake da shi a aji, a kan katako ƙarƙashin taga, waya ta sauko masa daga farantin sola da ke kan rufi. Batirin ya tsufa, sai lallaɓawa. Doka ɗaya Malam ya kafa: ba a shan wutarsa ta wuce rabi.

"Samo wuta ba wuya," yakan ce wa ɗalibai. "Ajiye ta ne aiki. Irin wannan in ka tatse shi ƙarƙaf, ba ya sake tashi."

Da shi za su yi jarrabawar aikin hannu, kuma makarantar ba ta da wani.

Ran nan yana tsakiyar darasi, ƙanwarsa da ke kula da ɗakin maganin makarantar ta leƙo.

"Yaya, tun jiya babu wuta. Firji ya fara ɗumi, kuma allurar ɗalibarka mai ciwon sukari tana ciki."

"A nemo ƙanƙara."

"A ina? Garin duka ba wuta. Ara mana batirin."

"Firji kashe shi zai yi, Auta. Ba nawa ba ne, amanar yaran nan ce."

"Ita ba yarinya ba ce? Wallahi Yaya, ko Anti matarka ba ka lallashinta kamar wannan akwatin."

Aji ya kwashe da dariya, ban da shi. Ta juya ta fita.

Ya koma allo, hannu ya ƙi rubutu. Ba rowa ba ce, ya sani. Hadari ya rufe sama, farantin ba zai mayar da abin da firji zai sha ba. Yaran nan kuwa shekara guda suna hawa tsani suna goge shi. Ya waiga zai yi musu wannan bayani, sai idonsa ya faɗa kan yarinyar mai ciwon sukarin a layin baya. Duk a kunnenta aka yi. Kanta a sunkuye, tana kwafar darasin kamar ba ita ake nufi ba.

Ya ajiye alli.

"Wace waya ake fara cirewa?"

"Baƙar, Malam."

"Ku matso. Yau za ku ga yadda batiri yake mutuwa."

Ya ɗauki sifana, ya durƙusa, ya fara kwance batirin don a kai wa firjin.