Jijiya Duk Jijiya Ce

—kuma wai a kujerar baya za su ajiye shi. Shi, uban mai bayanin! Ga shi a ta gaba, wanda ya isa ya zo ya tashe shi.

Autarsa na tsaye gaban malamai biyar, yau za su ce ta ci ko ta faɗi. Muryar uwarta sak. "A jikin ƙwayar halitta akwai 'yan makarɓai, kamar kunnuwa, su ke jin kira. Iri ɗaya ne ke nuna wa jijiyar saƙo hanya, ya nuna wa ta jini inda za ta tsiro."

Malamai sai "uhm, uhm", wai sun ji sabon abu. Sabo a ina? Shekara talatin yana ja wa gidaje wayar wuta, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba, ya san waya da bututun ruwa bango ɗaya suke bi. Shi ya sa ta saƙo da ta jini muka ba su suna ɗaya, jijiya duk jijiya ce! Tana 'yar mitsitsiya, bakin nan kamar reza: Baba, wa ke gaya wa waya inda za ta? Ni mana, ja'ira...

Ta haska hoto a bango. Ja-ja, hazo-hazo. Injinsu ne marar kyau.

Ba injin ba ne.

Likitan nan mai sanƙo ya gaya masa tuntuni: ciwon suga ne, ƙananan jijiyoyin jini na tsirowa barkatai a bayan idonka. Shi kuwa ya wanke likitan tas da masifa, ya fito. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai kira makaho ya haɗa masa wuta? Shekaranjiya, jar waya da baƙa... da Allah bai tsare ba—

"Me ya sa kika zaɓi ido?" in ji wata malama.

Auta ta gyara mayafi, ta ce:

"Akwai wani mai gyaran wuta. Shekara huɗu yana faɗa da masu yin mita, wai sun ƙanƙantar da lambobi."

Ana dariya. Ana tafi.

Shekara huɗu. Ashe ta... tun ranar farko? Duk karatun nan, ashe—

Tasa ce, wallahi, har iya ɓoye magana! Tana juyowa wajensa. Farin mayafi ne dai, da wani abu kamar fuska. Murmushi take, ko kuka? Yana ɗaga kai, yana ware ido iya ƙarfinsa...