Hannun Dama na Malam Hammawa

Yakubu mai gyaran rediyo ya cuci Malam Hammawa. Bai ci ko sisinsa ba, amma ya raba shi da hannunsa na dama, don kawai a riƙa kiransa likita a bakin kasuwar Azare.

Malam Hammawa mai sayar da goro ne, Bafulatanin Udubo da ya daɗe a gari. A daminar 2006 hawan jini ya kayar da shi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, yana jan ta da sanda, baki ma ya gyaru. Hannu ne ya ƙi.

A layinsu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci yakan kai kwanonsa zauren Alhaji Zarami, a jera a tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Malam Hammawa bai taɓa fashi ba. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya ce a ci gaba da kai kwanonsa, amma shi ba zai je ba. Ba zai sa hagu a kwanon da mutane ke ci ba, ba kuma zai zauna a ba shi a baki kamar jinjiri ba.

Alhaji Zarami Babarbare ne, abokin wasan Fulani. Ya zo har gida.

"Kai Bafillace, fito ka ci da hagun mana. Yaushe ma kuka iya cin tuwo? Ku da ba ku san komai ba sai nono."

"Tafi can, bawana. Ran da dama ta tashi zan zo in cinye naman in bar maka ƙashi."

"To yi sauri. Wurinka na nan, ba mai zama."

Haka Malam Hammawa ya koma cin abinci shi kaɗai a ɗaki. Matarsa Hadiza takan ajiye masa ta fita, don ba ya so ko ita ta ga yadda miya ke zubar masa a riga. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da zauren. Yana jin ƙarar murfin kwanuka, yana jin dariya, wani lokaci har yakan gane labarin da ake yi ya ba da amsa a ransa.

A asibiti, Sista Funmi ta sashen gashin ƙashi ta ba shi aiki: kwano biyu da wake, ya riƙa tsinta da hannun da ya shanye yana zubawa a ɗaya, safe da yamma.

"Baba, hannu ɗan makaranta ne," in ji ta. "Idan ya daina zuwa, zai manta karatu."

Aikin akwai gajiya da ban haushi, amma kafin kaka ta wuce babban yatsa da manuni sun fara riƙe goro. Yanko loma ne ya rage.

A nan Yakubu ya shigo. Shi ma ɗan ciyayyar ne. Wata rana yana gwada rediyon wani sai ya ji ana cewa likitoci a ƙasashen waje na dasa ƙaramar na'ura da ke tura wuta ga wata jijiya a wuya don masu farfaɗiya, wasu kuma sun fara binciken ko za ta amfani masu shanyewar jiki. Bai tsaya ya ji ƙarshen shirin ba. Ya haɗa batirin babur da wayoyi a cikin akwatin tsohuwar rediyo, ya ɗauko ya zo.

"Baba, wake za ka yi ta tsinta sai ka ce kaza? Turawa sun wuce nan. Jijiya ɗaya ce a wuya, a taɓa ta da wuta hannu ya farka. Kafin Sallah kana zaure."

"Yakubu, ka tabbata?"

"Rediyon da ya mutu nake tayarwa, balle hannu mai rai."

Ya kafa sharaɗi: a bar wake, a bar asibiti, a ɗaure hannun a ƙirji da rawani don kada wutar ta zube. Hadiza ta ce, "Malam, a tambayi Sista mana." Malam Hammawa ya ce ta yi shiru. Wanda ya gaji da cin abinci shi kaɗai ba ya jin shawara.

Kowace safiya Yakubu yakan manna masa waya a wuya ya murɗa. Jiki ya girgiza, yatsu su zabura a cikin rawani. Ranar farko Malam Hammawa ya yi hawaye don murna. Yakubu kuwa ya baza labari a kasuwa, aka fara ce masa Likita, ya fara zuwa da 'yan kallo.

Sallah ta zo ta wuce, hannu na ɗaure. Wata safiya da 'yan kallo suka yi yawa, Yakubu ya ƙara wuta don su ga motsi sosai. Malam Hammawa ya kife a sume.

Da ya farfaɗo a asibiti, Sista Funmi ta warware rawanin. Hannun ya naɗe, yatsu sun dunƙule, farce ya shiga tafi. Hadiza ta ba ta labarin akwatin Yakubu da jijiyar wuya.

"Jijiyar gaskiya ce, Baba," in ji Sista. "Har zuciya take kaiwa, shi ya sa ka suma. Masu binciken ba su gama ba. Ko sun gama, wace na'ura ce za ta koya wa hannun da aka ɗaure aiki?"

"Zai buɗe?"

"Za mu gwada. Ba zan yi maka alkawari ba."

Bai buɗe ba. Malam Hammawa ya koma kan wakensa, yana ɓanɓare yatsun da hagu, suna komawa. Alhaji Zarami ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi wasan da suka saba, ya fasa.

"Hammawa, bari mu kawo kwanukan nan gidanka."

"A'a, Alhaji. Ku ci. Ina jin ku ta katanga."

Ran nan da magariba Yakubu ya kai kwanonsa zaure kamar kullum, ya yi sallama ya zauna. Aka amsa, aka buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan nasa, Alhaji Zarami ya tsallake. Yakubu ya miƙa hannu ga kwanon da ke kusa da shi, mai kwanon ya ja abinsa. Washegari ma haka.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi kotu. Kwanonsa ya riƙa komawa gida a rufe, har ya daina kaiwa. Yakubu yanzu a shago yake cin abinci, shi kaɗai, kuma ba wanda ya ƙara sa hannu a kwanonsa.