Awon Nisa Daga Kan Soro

Alhaji Sadiƙu yana tsaye kan soro, ido ɗaya a rufe, ɗayan manne da na'ura, sai salatin mata ya tashi daga gidan maƙwabcinsa, Malam Aƙilu.

Tun da ya yi ritaya abokai suka ja shi wasan golf. Bawan Allah bai iya ba, amma ya ce laifin kayan wasa ne. Sau biyu yana canja sanduna. Yanzu kuma wani mai shago ya ba shi na'urar auna nisa guda biyu, baƙa da fara, ya gwada ya zaɓa. Ka saita ta kan abu, ta jawo maka shi kusa, ta faɗa maka yadi nawa ne.

To, a unguwarsu ta Ƙofar Galadima ko mai gyaran eriya ba ya hawa soro sai ya yi shela, "Za a hau sama!" don mata su kimtsa. Ɗoki ya mantar da Alhaji.

Kafin la'asar mai unguwa da Malam Aƙilu suna zaurensa.

"Haba Alhaji, da furfurarka!" in ji Malam Aƙilu. "Iyalina na kitso a tsakar gida, kai kana leƙe da madubi? Gobe a masallaci zan faɗa."

"Wallahi hasumiyar masallacin nake aunawa. Baƙar ta ce yadi ɗari da tamanin, farar ta ƙara uku."

Matar Alhaji, Hajiya Uwa, ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa. "Ranka ya daɗe, ku yarda da shi. Ni dai ban ga amfaninta ba, ƙwallonsa bai taɓa yin nisan da ido zai nemi taimako ba."

Mai unguwa ya danne dariya, ya ce ba ya hukunci kan abin da bai gani ba. Suka hau su uku. Nan fa musu ya kaure, mai unguwa ya riƙe baƙar, Malam Aƙilu ya rantse farar ta fi gaskiya.

Sai salati ya sake tashi, wannan karon daga gidaje uku.

Suka sauko sumui-sumui, ba mai kallon wani. A zaure mai unguwa ya gyara zaman hularsa.

"Maganar nan ta mutu a nan. Ko, Malam Aƙilu?"

"Ta mutu, ranka ya daɗe."

"Madalla. Alhaji, baƙar za ka saya."