Totur Ya Ƙi Sauka

Shekara biyu cur Yaya ya yi yana haɗa jirgin nan a bayan shagonsa na gyaran agogo. Jirgin wasa ne mai rimot, amma kada ka raina shi: fikafikansa sun kai tsawon mutum, injinsa kuma fetur yake sha. Yana gamawa sai hannu ya ci amanarsa, ko cokali ya ɗauka sai ya yi ta ƙara a kofi. Dole ya miƙa rimot ga Auta, ƙanwarsa tela, mai shekara hamsin da biyu, wadda har gobe yake yi wa kallon yarinyar da za ta yi masa ɓarna. Wata uku tana koyo da wani ɗan jirgin batir kafin ya yarda.

Ranar tashin farko, ita ta haɗa totur. Akwai wani ɗan moto kamar kwalin ashana a cikin jirgin, shi ke jan siririyar sanda, sandar ta buɗe bakin kafireto ko ta rufe. Sifirin da ke mayar da bakin ya rufe da kansa kuwa, Yaya ya cire shi tuni, wai yana wahalar da moton. Auta ta yi ta gyara har injin ya ji magana: ta ja yatsa ƙasa ya yi gurnani a hankali, ta tura sama ya kurma ihu. Notin da ke riƙe sandar ta murɗa shi da yatsa, da niyyar matsewa da filaya. Sai Yaya ya ƙwala mata kira ta ɗauko galan ɗin fetur, zumuɗi ya mantar da ita.

A filin bayan tsohuwar masana'anta jirgin ya sheƙa da gudu, ya ɗaga hanci, ya tashi. Wayyo daɗi! Yaya, dattijo da furfura, ya dinga tsalle yana kiran jirgin ɗana. Auta kanta baki ya ƙi rufuwa.

Bayan minti huɗu ta ja totur don ta sauko da shi. Injin ko gezau. Ta sake ja har ƙasa, yana nan yana ihunsa. Nan ta gane notin nan ya fice, kafireto ya tsaya a wangale. Jirgin da ke irin wannan gudu, in ka kusanto da shi ƙasa, tsintar itace za ka yi.

"Yaya, ban matse notin ba," ta ce, idonta a sama.

Ta jira faɗa. Sai ta ji ya tambaya a sanyaye ko sauran abubuwan na aiki. Ta ce suna yi. Ya ce to babu dabara sai a yi ta zagaye har mai ya ƙare, ta kuma hau da shi sama sosai don ya sami sararin saukowa a hankali in injin ya mutu. Ta tambayi yawan man da ya zuba.

"Har ya tumbatsa," in ji shi. "Minti ashirin da biyar."

Dariya ce ta kufce mata, irin ta wanda tsoro ya gama da shi, shi ma ya kama. Haka suka tsaya tsakiyar fili, tsofaffi biyu suna ƙyaƙyatawa, jirgi na zagaye kansu kamar zirnaƙo. Wuyanta ya ƙage. Ƙuda ya sauka a hancinta, ba hannun kora. Da rana ta shiga idonta Yaya ya cire hularsa ya kare mata, amma da hannun nan nasa inuwar sai rawa take yi a fuskarta, ta roƙe shi don Allah ya bari kada ta faɗi. Duk da haka ba ta ɗauke ido daga jirgin ba. In ta fasa jirgin nan, ta san ba shi da hannun haɗa wani.

Can injin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Filin ya yi tsit, dariya ta ɗauke. Ta sunkuyar da hancin jirgin kaɗan, ta kewayo da shi ya fuskanci iska, yatsunta a natse kamar tana bin bakin riga da keke. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya taɓa ciyawa, ya yi tsalle ɗaya, ya gangara ya tsaya lafiya lau.

Yaya ya ruga, takalmi ɗaya ya fice bai waiwaya ba. Ya durƙusa ya shafa fikafikan, ya leƙa cikin, ya jima. Auta ta ƙaraso, ta miƙa masa filaya, ta ce ya matse da kansa, ita ta tuba.

Ya dubi filayar, ya dubi hannunsa, ya tura mata abarta yana share ido da hannun riga.

"Ke za ki matse, Auta. Ni bari in cika tanki."