Kunnen Rediyon Injiniya

Kullum da yamma, da rana ta yi sanyi, Injiniya yakan shige ɗan ɗakinsa na bayan gida ya kunna rediyo. Ba irin ta jin labarai ba ce, wannan mai baki ce da kunne: ka danna makirufo ka yi magana, ka saki ka saurara. Tun da ya yi ritaya daga gyaran layukan waya, abokansa suka koma cikin akwatin nan, tsofaffi irinsa a garuruwa masu nisa, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Lambar wayar juna ma ba su da ita, don Injiniya ya sha cewa wayar hannu ta ragwaye ce. Babban amininsa cikinsu shi ne Dogo. Wa ya sani, ƙila ma gajere ne, shi dai ya raɗa wa kansa sunan.

In an tashi daga hira, su biyun sukan zame zuwa wani zangon rediyo da ba kowa. A can ne Dogo ya taɓa gaya masa cewa ɗansa ya yi fushi ya bar gida shekaru da yawa, ko gaisuwa ba ya aikowa. Ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata rana aka yi musu a kan eriya, Injiniya ya ƙure kowa, har ya ce wa Kyaftin, shugaban hirar, bai san komai ba. Washegari aka tafka ruwa da tsawa. Da ya kunna rediyo da yamma, sai shuuu kawai. Ya kira Dogo, shiru. Ya kira Kyaftin, shiru. Ya murɗa, ga babbar tashar garinsu tana magana, ko da yake can ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, anya ba tsawar nan ba ce?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Ga ta tana huci, ga tasha ina ji. Ni za a koya wa rediyo? Haɗa baki suka yi."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta kwashe shanyarta ta wuce.

To, mutum in ya ɗauka ba a jin sa, bakinsa ba linzami. Da farko gaisuwa yake yi ya jira. Daga baya ya koma habaici. Da kwanaki suka ja, sai ya zauna ya danne makirufo yana zazzaga wa iska faɗa. Ya ce muryar Kyaftin kamar ta agwagwa. Ya ce dukansu da ya san su da wanda bai sani ba, su je su ji da tsufansu. Na Dogo ne ya fi ci masa rai, don haka wata yamma, a zangon hirar jama'a, ya ce, "Kai kuma Dogo, yanzu na gane. Ba banza ɗanka ya guje ka ba. Ka zo kana mini kuka ya ƙi ka, ashe halinka ne."

Ya kashe rediyon, ya rufe ta da tsumma, ya rantse kyautar da ita zai yi.

Sai dai tsohon ma'aikaci ba ya ba da kaya bai duba ba. Ya kwance murfin, ya ɗauko na'urar gwaji, ya bi hanyar kunne daga baya zuwa gaba kamar yadda ya saba. Lasifika lafiya. Sashen da ke zare murya daga cikin sigina lafiya. Matatar da ke ware zango ɗaya ta zubar da sauran lafiya. Mahaɗin da ke sauko da sigina zuwa inda rediyo za ta iya sarrafa ta, shi ma lafiya. Saura wuri ɗaya, can bakin ƙofa kusa da eriya: ɗan taransiston da ke karɓar muryar da ta zo daga nesa a galabaice ya ƙara mata ƙarfi. Ya ɗora masa tsinken gwaji. Allurar na'urar ko motsi.

Ya sake gwadawa.

Shi da ya koya wa wasu wannan! Hucin nan da yake ji, ai sassan ciki ne ke yin abinsu ko ba eriya. Tashar garinsu kuwa ƙarfinta ya isa ta kutsa ta matacciyar ƙofa. Sashen magana kuma hanyarsa daban, tsawa ba ta taɓa shi ba. Wato duk kwanakin nan rediyon kurma ce, amma bakinta garau, har ƙasashen waje.

"Wayyo ni," ya faɗa a hankali. Kunya ta rufe shi, har ya waiga ko akwai mai kallonsa, alhali shi kaɗai ne a ɗakin.

Ya tono wani taransiston a cikin gwangwanin tarkace, ya narka dalma ya liƙa. Sau biyu yana ƙona yatsa. Da lokacin hira ya yi ya kunna, sai ɗaki ya cika da mutane. Ga Kyaftin da muryarsa ta kullum yana cewa, "Jama'a, a bar wa Injiniya zangonsa, ƙila ya fito. In ya fito a sake gaya masa kunnensa ya mutu, ko Allah zai sa ya ji."

Injiniya ya ɗauki makirufo. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Kyaftin, ni ne. Ina ji yanzu."

"A'a! Kurma ya warke!" Aka kwashe da dariya. "Agwagwa na gaishe ka, Injiniya. Mun yi ta amsa maka har muryarmu ta dushe."

"Ku yafe mini, don Allah. Ina Dogo?"

Dariyar ta tsaya cak. Kyaftin ya yi gyaran murya ya ce Dogo ya kwana biyu bai fito hira ba.

Injiniya ya murɗa zuwa zangonsu na su biyu. Ya kira, ya saki, ya kasa kunne. Ya sake kira. Can sai allurar sigina ta ɗaga kaɗan, ya ji numfashin mutum.

"Ina jin ka," in ji Dogo.

"Dogo, rediyona ce ta..."

"Na sani. Kowa ya sani. Kullum sai na amsa maka, ina ta ihu kamar mahaukaci, don ina da albishir. Yaron ya dawo."

"Alhamdulillahi! Kai, Dogo, na yi murna!"

"Na zaunar da shi kusa da ni, na ce bari ya ji muryar aminina, ko da ba ka jin mu. Ranar ce ka yi maganar." Dogo ya yi tari. "Ya tambaye ni mutum nawa ke saurare. Na ce ban sani ba."

Da ƙyar Injiniya ya danna makirufo.

"Ba ni shi, Dogo. Ni zan ba shi haƙuri da bakina, in gaya masa laifina ne."

Ya saki ya jira. Rediyon tana kawo komai tas yanzu, har ƙarar kujerar Dogo da ya gyara zama.

"Ba ya nan, Injiniya. Washegari da safe ya ɗauki jakarsa."